Je Ki Huta, 'Yar Mai Gurasa

Ni dai jikin mutum na sani, ban san dabarar tsere ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina yi wa 'yan matan ƙungiyar keke tausa a nan Alƙahira, ina cire musu sartsen katako daga cinya da kafaɗa, ina zazzaga musu masifa in sun ɗirki koshari, shinkafar nan mai taliya da wake, ana gobe gasa. Abla Fawkiyya, wato Yaya Fawkiyya, suke kirana a gaban idona. Abin da suke kirana a bayan ido kuwa, can ta matse musu. A cikinsu kaf ba wadda jikinta ya taɓa ba ni tsoro sai Nesma, kuma ba ƙafarta ce ta tsorata ni ba, hannunta ne na dama.

Filin namu na katako ne, kwano muke ce masa, don wuraren shan kwanarsa a miƙe suke kamar bango, wanda ba shi da gudu sai ya sulalo. Kekunan ba birki, feda kuma ba ta tsayawa, muddin taya na juyawa ƙafa na juyawa. A tseren biyu-biyu, wanda ake kira madison, ɗaya tana ƙasa cikin ayari tana gudun fitar rai, ɗayar tana can sama tana zagayawa a hankali, tana mayar da numfashi. In lokaci ya yi sai ta saman ta gangaro, ta saki hannun hagu a gefen kwankwasonta. Ta ƙasan ta taho da gudu ta cafke shi da damanta, ta wurga ta gaba da iya ƙarfinta, ita kuma ta haye sama ta huta. Ba ki da hutu sai 'yar'uwarki ta karɓe ki. In ta faɗi, ke za ki riƙe mata wurin, ki ci gaba ke kaɗai har ta tashi ta dawo. Wannan dokar tun suna ƙanana ake cusa musu ita.

Nesma 'yar unguwar Imbaba ce, nan cikin gari. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu kai gurasa, waɗannan da ke ɗora ragar katako mai tsawon ƙyaure a ka, hannu ɗaya a keke, su ratsa tsakanin motoci ko guda ba ta faɗi ba. A kekensa ta koya, tana zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe don ba ta kai sirdi ba. Ya rasu kafin ta ci lambarta ta farko, shi ya sa ba ta son a taɓo zancensa. Wata mara kunya ta taɓa yi mata gori da sana'arsa a ɗakin canja kaya, ni na sa wa yarinyar ƙanƙara a kunci. Daga ranar ba wanda ya sake haɗa sunan Nesma da gurasa, sai mutum ɗaya.

Demyana ke nan, abokiyar tserenta. Kirista ce daga Minya, doguwa, mai ƙaramin zanen gicciye a wuyan hannu, da harshen nan na mutanen kudu mai nauyi wanda Alƙahira ta kasa goge mata. Dariyarta kuwa, ana ji daga wurin ajiye motoci. Su biyun sun ci zinare a gasar Afirka, sun ci a ta ƙasashen Larabawa, sun je garuruwan da ni ko sunansu ban iya faɗa ba, suka dawo mini da turaren da ba na so. Kullum cikin faɗa suke a kan gadon tausata.

"Abla, duba min hannun nan don Allah," in ji Nesma. "Wannan raƙumar za ta karya min yatsa."

A gindin babban yatsanta na dama jini ya kwanta, baƙi, bai wuce ƙwallon dabino ba.

"Ke kuma me ya haɗa ki da yatsanta?" na tambayi Demyana.

"Hatimi ne, Abla. In ban danna ba, ba ta sanin an karɓe ta. Kanta kamar na jakin Imbaba, sai ta ci gaba da gudu."

"Kuma sai ta ce min wai, je ki huta, 'yar mai gurasa," in ji Nesma. "Kowace karɓa, Abla! A tsakiyar tsere, mutum na neman numfashi, ita tana da bakin tsiya."

"To ƙarya na yi? Ba 'yarsa ba ce? Wa ya koya miki tuƙi da hannu ɗaya in ba shi ba? Ki gode wa Allah, da 'yar likita ce ke da tuni mun kife."

Nesma ta jefe ta da tawul tana dariya. A nan kawai na taɓa jin wannan suna, don a cikin kwano ƙarar katako ba ta barin kowa ya ji abin da mutum biyu suka faɗa wa juna.

Ranar da abin ya faru, wata 'yar gasa ce ta cikin gida, rabin kujeru ba kowa. Wannan ma yana ƙona mini rai har yau. Nesma ce a ƙasa, ta yi gudunta ta gaji, ta ɗago kai tana neman hannu. Demyana ta gangaro a kwanar da ke kusa da ƙofar 'yan wasa, ta saki hagunta yadda ta saba. Sai tayoyin wasu yara biyu da ke gabansu suka gogi juna. Ba laifin kowa ba ne, wallahi, a kan idona aka yi. Ɗaya ta kife, kekenta ya yi tsalle ya share na Demyana. Yatsunsu sun taɓa juna, haka Nesma ta faɗa mini daga baya, amma ba su kama ba.

Nesma ta wuce. Dole ta wuce, keke ba birki. Demyana ta sulalo har gefen ciki inda ba a bi, don haka tsere bai tsaya ba. Kaftin Wagdi, mai horar da su, ya bi bakin fili yana ihu, "Ci gaba, Nesma! Riƙe mata wurin, yanzu za ta tashi!" Ba yaudararta ya yi ba, haka ya zata, sau nawa Demyana ta faɗi ta miƙe tana zagin katako. Ni kuwa ina durƙushe a kanta. Hular kwanonta ta tsage, idonta a buɗe, hannun hagun nan yana nan a gefen kwankwaso, yatsu a ware. Duk zagayen da Nesma ta yi sai na ji iskarta a ƙeyata, in na ɗago sai na ga damanta a miƙe. Aka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya, ta wuce da hannu a miƙe. Aka fita da Demyana ta ƙofa, motar asibiti ta tashi da jiniya, ta sake zuwa kwanar da hannu a miƙe. Haka ta ƙarasa tseren ita kaɗai. Da aka tare kekenta aka kwance mata ƙafa daga feda, abin da ta fara cewa shi ne, "Ina take? Ta bar ni a ciki."

Washegari da hantsi Demyana ta cika. Muka bi jirgin ƙasa zuwa Minya wurin jana'iza. A cocin Nesma ta tsaya can baya da baƙin mayafi, aka ba ta kujera ta ƙi. Mahaifiyar Demyana ta rungume ta tana kuka har muryarta ta dishe, ita ko ɗigon hawaye. An ce ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa, to ga mai sabo a tsaye idonta a bushe. A jirgin dawowa ma a tsaye ta zo, tana riƙe da ƙarfen ƙofa.

Daga nan ne na lura ta daina zama. A tsaye take cin wakenta da safe, a tsaye take shan shayi, in Kaftin na magana sai ta yi ta kai da komo a bayan sauran. Gudu kuwa sai ya ƙaru. Ta bar biyu-biyu, ta koma tseren mutum ɗaya, ta ci duk wanda aka sa ta. Ta sake kawo zinare daga gasar Afirka, jaridu suka rubuta wai ta mayar da baƙin ciki ƙarfi. Tir da wannan magana! Su zo su taɓa ta su ji. Naman mai rai in aka matsa shi yana saki, nata kuwa kamar igiyar da aka ɗaure tamau, ko da man zaitun mai ɗumi na bi shi. Ta rame, idanunta suka faɗa. Tabon nan na gindin yatsa, wanda ya kamata ya baje cikin 'yan makonni tunda ba mai danna shi, aka shekara yana nan baƙi ƙirin kamar jiya aka yi shi.

Wata safiya na zo da wuri don in wanke tawul kafin ruwa ya ɗauke. Na tarar da ita a cikin kwano ita kaɗai, ba a ko kunna manyan fitilu ba, sai hasken rana ta tagogin sama. Na tsaya a ƙofa da bokiti a hannu. Ta zo kwanar nan da gudu, ta saki damanta, ta miƙa. Na ga yatsunta sun rufe a kan iska, na ga kafaɗarta ta fizga baya kamar ta wanda ya kamo abu mai nauyi, sai kuma hannun ya suɓuce ya dawo fanko. Ta sake zagayowa, haka. Wanda ya daɗe a wurin nan ya san ƙarar katako, keke ɗaya da ƙararsa, biyu da tasu. Ni dai na san abin da kunnena ya ji a wannan kwanar. Na yi a'uziyya, na ajiye bokitin, na fita waje na sha ruwan rake kofi biyu.

Ana cikin haka aka kawo Sondos daga Iskandariyya. 'Yar ƙarama ce, shekara sha tara, gajera mai faɗin kafaɗa, bakinta kullum da 'ya'yan kabewa tana tofar da ɓawo inda na share. Ba ta taɓa ganin Demyana ba sai a hoton da ke bango. Gasar ƙasashen Larabawa za a yi a filinmu, ana bukatar biyu-biyu, kuma ba wadda za ta iya ɗaukar gudun Nesma sai ita. Kaftin ya haɗa su.

Karɓa ba ta gagari Nesma ba. In Sondos ce a ƙasa, sai ta gangaro ta ba ta hagu, a wurga ta cikin tsere lafiya lau. Bayarwa ce ta gagara. In ta shiga, ta shiga ke nan. Sondos za ta gangaro, ta saki hannu yadda aka koya mata, Nesma ta zo ta wuce ta kamar turken fitila, sai ta kai waccan kwanar sannan ta miƙa wa iska hannu.

"Abla Nesma, hannuna ƙaiƙayi yake yi ne?" in ji Sondos rannan, bayan an sauka. "Ko wari yake? Faɗa min in wanke."

"Ban gan ki ba."

"Ba ki gan ni ba? Ni da na kusa shiga aljihunki?"

Kaftin Wagdi mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Ya same mu a ɗakin tausa, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce likitan ƙungiya ya kira shi, zuciyar Nesma ba ta sauka ko tana kwance, in aka ci gaba haka wata rana a kan keke za a ɗauke ta. "Na ɗauki ɗaya daga wannan katakon, 'yata, ba zan ɗauki ta biyu ba," in ji shi. "Ranar gasa ko ki ba yarinyar nan hannu ki hau sama ki huta kamar kowa, ko kuma ki sauka daga keken har abada. Da hannuna zan karɓi mabuɗin kabad ɗinki." Ya juya ya tafi yana share ido da gefen riga, wai gumi.

Nesma ba ta da komai a duniya sai keken nan. Ba miji, ba shago, karatun ma a hanya ta bar shi. Na rufe ƙofa, na kamo hannun na juya shi.

"Ke, dube ni nan. Me kike jira?"

"Ba ta karɓe ni ba, Abla."

"Ta mutu, Nesma. Tare muka je, a gabanki aka rufe ta."

"Na sani. Ba hauka nake yi ba." Muryarta ƙasa-ƙasa, ba rawa. "Kaina ya sani. Amma ƙafata ba ta sani ba. Kaftin ya ce in riƙe mata wurin. In na ba wata, ta gangaro ta tarar ba wuri fa? Ina ganinta, Abla, a kwanar nan, hannunta a sake. Kullum saura kaɗan. Jiya ma na taɓa yatsunta."

Na yi mata tsawa, don abin da na iya ke nan. "To ki yi ta yi! In kin faɗi kin mutu, ni zan wanke ki, kuma wallahi sai na zage ki ina wankan." Ta yi ɗan murmushi, ta zare hannunta. Ta bar jikin gadon da ta jingina tun ban gama ba, ta tsaya a bakin taga.

Ranar gasar kwano ya cika maƙil, har da masu ganguna daga Imbaba. Sondos ce ta fara. Ta yi gudunta mai kyau, ta wurga Nesma cikin ayari, jama'a suka ɗauki ihu. Ina tsaye a tsakiyar fili kusa da Kaftin, da jakar magani a kafaɗa, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Lokacin karɓa ya yi. Sondos ta gangaro, ta saki hannu. Nesma ta wuce.  Sauran ƙungiyoyi suna ta musanya, sababbin ƙafafu na shiga, tamu ita kaɗai take ja. Sondos ta sake gangarowa, aka sake wuce ta. Gangunan Imbaba suka yi sanyi, mutane suka fara tambayar juna. Na ga bakin Nesma a buɗe, kafaɗunta sun fara rawa, ayari ya soma tsere mata. Kaftin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shi ke nan, Fawkiyya. In ta sake wucewa zan ɗaga musu hannu a cire mu."

Sondos kuwa 'yar taurin kai ce. Ta lura inda hannun Nesma yake fita, sai ta bar wurin da aka koya mata, ta je ta gangaro daidai kwanar ƙofar 'yan wasa. Ban san ko dabara ce ko tsautsayi ne ya ja ta ba. Ta kutso ƙasa sosai don kada a ce ba a gan ta ba. Nesma ta zo, hannunta ya fita, amma sama ya nufa, inda hannun doguwar mace zai kasance, ya wuce ta kan na Sondos. Yarinyar ta juyo tana neman hannun, tayarta ta gaba ta gogi ta bayan wata 'yar Maroko. Na ji ƙarar nan da na yi fatan kada in sake ji har in mutu, hular kwano a kan katako.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Ta sulalo har gefen ciki, wuri ɗaya, ko taku ɗaya bai bambanta ba. Rigarta ta yage daga kafaɗa zuwa kwankwaso, fata ta sale, sartse ya tsaya mata a jiki kamar ƙayar kifi. Idonta a rufe. Na danne ƙirjinta da tafina ina cewa, "Kwanta, 'yata, kar ki motsa, kwanta." Sai na ji iska a ƙeyata. Na ɗago. Nesma ce ta wuce, ta juyo da fuska tana kallonmu, ban taɓa ganin fuska irin wannan a jikin mai rai ba. Wannan karon Kaftin bai ce ta ci gaba ba. Ba sai an faɗa mata ba.

Ta sake zagayowa. Masu gadon nan suka taho da gudu. A lokacin Sondos ta buɗe ido, ta karkata kai gefe kamar mai sauraro, gefen da ba kowa. Ta ture hannuna.

"Ina kekena?"

"Kekenki na gidanku! Kwanta, don ubanki!"

Ina! Ta riga ta miƙe. Likita ya haska mata ido, ya tambaye ta sunanta da inda take, ta amsa tana zaginsa. Makaniki ya miƙo keken, aka ɗora ta, aka ɗaure ƙafa, Kaftin da kansa ya tura ta. Jini na bin hannunta na hagu har cikin safar hannu. Ta hau sama da ƙyar, ta yi rabin zagaye, ta gangaro a kwanar nan dai, ta saki hannun a gefen kwankwaso, yatsu a ware.

Nesma ta fito daga miƙaƙƙiyar hanya, ita ce ta ƙarshe a ayari, kanta na lilo. Ta ɗago. Ta ga wadda ta faɗi a kwanar ƙofa ta tashi ta dawo. Ni ina kallon hannunta kawai. Ya fita, ya yi sama yadda ya saba, ya ɗan tsaya, sannan ya sauko. Ta cafke. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, ta wurga yarinyar da wani ƙarfi da ban san inda ta ajiye shi ba, Sondos ta tafi kamar an harba ta. Nesma ta haye sama. Ƙafafunta suka rage gudu, suka rage, ta miƙe zaune a kan sirdi, hannun dama a kan cinya. Kwano ya ɗauki ihu har katako na rawa, ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa ina kuka kamar wata sakarya, ban damu da wanda ya gani ba.

Da lokaci ya yi ta gangaro ta karɓi Sondos, da ya sake yi ta bayar. Haka suka yi ta musanya har aka kaɗa ƙararrawa. Ba su ci komai ba, na biyar suka zo. Kaftin Wagdi ya sumbaci goshin kowaccensu, bai ambaci mabuɗi ba.

A ɗakin tausa na ce Nesma ta ɗan jira in fara da mai rauni. Ta hau ɗaya gadon ta zauna. Na ga ta zauna, na yi kamar ban gani ba don kada in kore zaman. Kafin in gama jiƙa auduga ta kishingiɗa, takalmi a ƙafa, barci ya ɗauke ta. Hannunta na dama ya zubo daga gefen gado a buɗe, da jinin Sondos a tafin.

Na kwantar da Sondos a kan cikinta, na ɗauki hantsaki na fara zare sartse ɗaya bayan ɗaya. Tana cije tawul, tana tsine wa wanda ya sare itacen.

"Ke dai ba ki da hankali," na ce mata. "Ina ce miki kwanta, kina tashi. Da wuyanki ne ya karye fa?"

"Ai ke kika ce in kwanta, Abla. Ɗayar ta ce in tashi."

"Wace ɗayar? Ni kaɗai ce a kanki kafin likita ya zo."

"Wata mai maganar mutanen kudu. A kunnena ta faɗa, har da 'yar dariyarta. Na zaci cikin masu gadon nan take." Ta juyo da kai tana dubana. "Abla, wace ce 'yar mai gurasa? Cewa ta yi, tashi, 'yar mai gurasa ta gaji."

Hantsakin ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya na ɗauka, na daɗe ina goge shi da auduga. Ta ƙofar da aka bari a buɗe ina hango kwanar, an kashe fitilu, ba kowa a kan katakon.

"Ga ta can," na ce, ina nuna mata Nesma. "Rage murya, kar ki tashe ta."